Gashi Dubu Sittin da Silin Gashi Ɗaya: Tarken Gwanintar Na'ura da Fasahar Labari a Farkon Zane Mai Motsi na Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken wasu daga cikin ayyukan farko na zane mai motsi da aka sarrafa da kwamfuta, domin gano dalilin da ya sa wasu suka rayu a zukatan masu kallo, wasu kuma suka mutu duk da dukiya da ilimin da aka zuba musu. An ɗauko misalai daga Amurka tsakanin 1972 da 2001, da kuma Maleshiya tsakanin 1996 da 2009, tare da la'akari da yadda iyalan Hausawa mazauna unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur suke karɓar shirin Upin & Ipin. Maƙalar ta kafa hujja cewa ayyukan da suka yi nasara su ne waɗanda masu su suka san iyakar na'urarsu, suka zaɓi taurari da jigon da suka dace da wannan iyaka, har gazawar na'ura ta koma siffar tauraro. A ƙarshe an duba abin da wannan yake nufi ga masu neman kafa zane mai motsi da harshen Hausa, ta hanyar waiwayar aikin Moustapha Alassane na Nijar da taskar tatsuniya.

Fitilun Kalmomi: zane mai motsi, kwamfuta, labari, tarke, Maleshiya, tatsuniya

1.0 Gabatarwa

Duk sabuwar na'urar nuna hoto tana fara rayuwarta ne a matsayin abin al'ajabi. Mutanen ƙasar Hausa da suka taru a ƙofar fada domin kallon majigi a zamanin Turawa, hasken da ke motsi a jikin farin ƙyalle ya ishe su kallo a daren farko. Sai dai al'ajabi gajeren rai gare shi. Da zarar ido ya saba, mai kallo zai fara tambayar wane ne wannan, me yake nema, me zai same shi. Daga wannan lokaci na'ura ta gama nata aikin na jan hankali, saura na mai labari.

Zane mai motsi na kwamfuta ya bi ta wannan mashigi cikin kimanin shekara talatin, kuma tarihinsa a rubuce yake dalla-dalla, shi ya sa ya dace da nazari. An saba taƙaita darasinsa da cewa labari ya fi na'ura. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta da amfani sosai ga mai son yin aiki, domin ba ta faɗa masa wane labari ba. Abin da wannan maƙala take son nunawa ya fi haka ƙunci: a zamanin da na'ura take da rauni, gwanin gaske shi ne wanda ya auna raunin, sannan ya nemo labarin da raunin zai yi wa ado. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma a kan wannan ma'auni za a ɗora ayyukan da za a duba.

2.0 Abin da Na'ura ta Iya da Abin da ya Gagare ta

Zane mai motsi iri biyu ne a nan. Akwai shimfiɗaɗɗe, mai tsawo da faɗi kawai, kamar wanda ake yi a takarda. Akwai kuma mai jiki, wanda ake gina surarsa cikin kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri, a sa masa gaɓoɓi, a haska shi da fitilun lissafi, sannan na'ura ta ƙididdige launin kowane ɗigo na hoton. Fim na silima yana buƙatar hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka duk wani ƙarin wahala a hoto ɗaya yana ninkuwa sau dubbai.

Wannan lissafi yana da abin da yake so da abin da yake ƙi. Abu mai santsi da tauri, kamar roba da ƙarfe da katako, yana zuwa masa da sauƙi. Fatar mutum, wadda haske ke ratsawa kaɗan kafin ya dawo, tana ba shi wuya. Tufa mai naɗewa da warwarewa ta fi wuya. Gashi kuwa shi ne ƙarshen wahala, saboda kowane sili abu ne mai zaman kansa da ke motsi, yana gogar ɗan'uwansa, yana jefa inuwa. Wanda ya riƙe wannan jeri a ransa zai fahimci yawancin shawarwarin da masu aikin farko suka yanke, da kuma kurakuran da suka tafka.

3.0 Masu Na'ura a New York da Mai Fitila a Kalifoniya

A 1972 Edwin Catmull da Fred Parke, suna ɗalibai a Jami'ar Utah, suka fitar da ɗan gajeren fim na hannun hagun Catmull yana buɗewa yana rufewa. Babu jigo a cikinsa, kuma ba a nemi jigo ba, gwaji ne na ilimi. Matsala ta fara ne lokacin da aka ɗauka cewa tarin irin wannan gwaji zai haifi fim da kansa. A 1974 Alexander Schure, wanda ya kafa Cibiyar Fasaha ta New York, ya buɗe ɗakin binciken zanen kwamfuta, ya ɗora Catmull a kansa, ya sayi na'urori mafi tsada na zamanin. Masana irin su Alvy Ray Smith sun taru a wurin, kuma dabaru da dama da ake amfani da su har yau a can aka ƙirƙiro su. Amma fim mai tsawo da cibiyar ta ɗaura niyyar yi da kwamfuta zalla, The Works, an shafe shekaru ana fama da shi ba a kammala ba. Catmull kansa ya bar wurin a 1979 ya koma kamfanin Lucasfilm. Gidan ya tara masu lissafi, ya rasa mai ba da umarni da ya san yadda ake riƙe numfashin mai kallo, kuma kamar yadda gwano ba ya jin warin jikinsa, mai gidan bai ga wannan giɓi ba.

Abin lura shi ne a wannan shekara ta 1974 aka fitar da Hunger a Kanada, wanda mai zane Peter Foldes ya yi da tsarin kwamfutar da Nestor Burtnyk da Marceli Wein suka gina. Abu ɗaya na'urar ta iya da kyau, wato narkar da wannan zane ya rikiɗe ya zama wancan. Foldes ya ɗauki wannan abu ɗaya ya gina labarin mutum mai haɗama da jikinsa ke kumbura yana sauya kama, har mayunwata suka cinye shi. Rikiɗar da na'ura ta iya ita ce ta zama jigon kanta. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin Cannes na Faransa.

John Lasseter, wanda ya koyi zane a makarantar CalArts ya kuma yi aiki a Disney, shi ne ya kai wannan fahimta ga zane mai jiki. Luxo Jr., wanda sabon kamfanin Pixar ya nuna a taron SIGGRAPH na 1986 a Dallas, minti biyu ne kacal. Babu fuska a cikinsa, babu magana, kyamara ba ta motsi, bayan fage baƙi ne wuluk. Fitilun tebur biyu ne, babba da ƙarama, da ƙwallon roba. Ƙaramar ta hau ƙwallon tana tsalle har ya sace, ta sunkuyar da kai, sannan ta dawo da wani ƙwallon da ya ninka na farko girma, babbar ta girgiza kai. Duk abin da ke ciki ƙarfe ne da roba da katako, wato abin da na'ura take so. Rai kuwa ya fito ne daga auna lokaci: ɗan jinkirin da babbar fitila take yi kafin ta juyo, da yadda wayar ƙaramar take wutsil-wutsil a bayanta. An ruwaito cewa bayan nunin masanin zanen kwamfuta Jim Blinn ya tunkari Lasseter, tambayarsa kuma ba ta shafi lissafin inuwa ba, so yake ya ji ko babbar fitilar uwa ce ko uba. A shekara ta gaba Lasseter ya gabatar da maƙala a taron, inda ya nuna wa masu lissafi ƙa'idojin da masu zanen Disney suka daɗe da sani, irin su shirya ido kafin motsi, da matsewa da miƙewar jiki.

Pixar ma ta yi tuntuɓe inda ta ƙetare iyaka. A Tin Toy na 1988, wanda ya ci kyautar Oscar, ɗan wasan gwangwani ya fito da kyau, jaririn da ke binsa kuwa ya fito da kama mai tayar da tsigar jiki. Darasin ya shiga: Toy Story na 1995, fim mai tsawo na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, taurarinsa kayan wasan yara ne na roba, mutane kuma an tura su gefe. Hatsarin da ya kusa kashe fim ɗin ma daga labari ya taso. A ƙarshen 1993 Disney ta dakatar da aikin bayan an ga tauraron, Woody, ya zama azzalumi mai baƙin hali da ba wanda zai so, sai da aka sake rubutu kafin a ci gaba.

Kishiyar wannan hanya ta bayyana a 2001 cikin Final Fantasy: The Spirits Within, wanda Hironobu Sakaguchi ya ba da umarni a ɗakin aikin kamfanin Square a Honolulu. An ƙudurta yin mutane da za a rantse na gaske ne. Tauraruwar, Aki Ross, an yi mata silin gashi kimanin 60,000, kuma wannan adadi shi ne abin da aka fi tallatawa. Fim ɗin ya ci kimanin dala miliyan 137, ya dawo da kimanin miliyan 85, ɗakin aikin kuma ya rufe ba da jimawa ba. Gashin yana kaɗawa yadda ya kamata, amma idanun a mace suke, labarin kuma cunkushe yake da bayanin ruhohi da ba ya taɓa zuciya. Masanin Jafan Masahiro Mori ya riga ya yi hasashen wannan tun 1970, cewa sura tana ƙara kusantar kamar mutum, ƙaramin kuskurenta yana ƙara zama abin ƙyama.

4.0 Maleshiya: Daga Barewar Tatsuniya zuwa Kwamfuta

4.1 Zamanin alfahari da na'ura

Zane mai motsi a Maleshiya ya faro ne daga tatsuniya. Hukumar fim ta gwamnati, Filem Negara, ta kammala Hikayat Sang Kancil a 1978, labarin wata 'yar ƙaramar barewa mai wayo wadda matsayinta a wurin Malayawa ya yi kama da na Gizo a wurin Hausawa. Hassan Abd Muthalib, wanda ake kira uban wannan fanni a ƙasar, ya ci gaba da gajerun labaranta a shekarun 1980.

Shekarun 1990 suka zo da wani buri na daban. A 1996 Firayim Minista Mahathir Mohamad ya ƙaddamar da shirin MSC, wani zirin ƙasa da aka keɓe wa masana'antun sadarwa daga tagwayen benayen Petronas zuwa sabon filin jirgin sama na Sepang, da sabon birnin Cyberjaya a tsakiya. Jirgin ƙasa marar direba da ke tsayawa a tashar Taman Melati tun 1999 ɗan wannan zamani ne. Ƙasa ce da ta yanke shawarar nuna wa duniya cewa ta iya na'ura, kuma zane mai motsi yana cikin abin da aka sa a gaba.

Ayyuka uku na wannan lokaci sun isa misali. Usop Sontorian, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1996 ƙarƙashin umarnin Kamn Ismail, shimfiɗaɗɗen zane ne da aka sarrafa da taimakon kwamfuta, motsinsa a taƙaice, launinsa ba yabo ba fallasa. Amma tauraronsa ya fito ne daga alƙalamin mai zanen barkwanci Ujang, yaron ƙauye ne a jihar Johor da abokansa Malayawa da Basine da Ba'indiye, kuma jama'a sun rungume shi. Silat Lagenda na 1998, fim mai tsawo na farko na zane a ƙasar, wanda Hassan Abd Muthalib ya ba da umarni, ya ɗauki jaruman tarihin Melaka, wato Hang Tuah da abokansa huɗu, ya mayar da gadonsu ga wasu matasa a wani zamani mai nisa nan gaba, ya haɗa zanen hannu da fage na kwamfuta. Buri ne babba, amma bai yi kasuwa ba. Siffar taurarinsa da salon faɗansu sun jingina da zanen Jafan, don haka mai kallo yana auna shi da abin da Jafanawa suka fi iyawa, ma'aunin da ba zai ci ba. Na uku shi ne Kampung Boy, daga littafin zanen Lat na 1979 kan ƙuruciyarsa a ƙauyen Perak. An rarraba aikinsa tsakanin Los Angeles da Manila, Lat yana sa ido kan kowace siffa, kuma wani kashi nasa ya ci kyauta a bikin Annecy na Faransa a 1999. Wannan ya nuna cewa ana iya hayar hannu daga ko'ina, amma sanin yadda yaron ƙauye yake zama a gaban kakarsa sai ɗan gida.

4.2 Tagwaye masu ƙwalƙwal

Kamfanin Les' Copaque, wanda Burhanuddin Md Radzi, injiniyan man fetur, da maiɗakinsa Ainon Ariff suka kafa a Shah Alam a 2005, ya tattaro matasan da suka fito daga Jami'ar Multimedia, daga cikinsu Nizam Razak da Safwan Karim da Usamah Zaid. Babban aikin da suka sa a gaba fim ne na silima mai jiki. Upin & Ipin ɗan reshe ne da ya tsiro a gefe: kashi shida, kowanne kimanin minti biyar, aka nuna a tashar TV9 cikin azumin 2007.

Idan aka duba waɗannan kashi shida da idon mai lissafi, talaucinsu a fili yake. Fatar yaran kamar roba take, tufafinsu a manne suke ba sa naɗewa, fage kaɗan ne ake ta maimaitawa. Amma a duba yadda aka bi da jerin wahalhalun da aka ambata a baya. Taurarin tagwaye ne, wato sura ɗaya ta wadatar da biyu. Kansu ƙwalƙwal ne, Ipin ba shi da gashi ko ɗaya, Upin kuma sili ɗaya ne tak a murɗe a tsakar kansa. Abin da ya fi komai tsada a wannan sana'a an kawar da shi gaba ɗaya, sannan ragowar silin ya zama alamar da yaro ɗan shekara uku yake bambance wa da ƙane da ita. Manyan kawuna da manyan idanu sun nisanta su daga kamar mutum ta gaske, don haka ba su faɗa ramin da jaririn Tin Toy ya faɗa ba. Silin Upin ɗaya ya yi aikin da 60,000 na Aki Ross suka kasa, domin shi yana faɗin wani abu game da mai shi.

Zubin labarin ma daidai yake da ƙarfin masu shi. Sunayen kashin shida sun bi kalandar da kowane yaro Musulmi ya sani: gobe azumi, jarrabawa, ni'ima, tarawihi, gobe sallah, ranar sallah. Marayu ne 'yan shekara biyar da ke zaune da kakarsu, Opah, da yayarsu, Kak Ros, a ƙauyen Durian Runtuh, suna gwada azuminsu na farko. Rikicin bai wuce ƙishirwar rana da jiran kiran sallar magariba ba, amma ga ɗan shekara biyar wannan yaƙi ne sosai, kuma shirin ya ɗauke shi da muhimmancin da yaron yake ba shi. Kaka mai sassauci da yaya mai tsawa sun raba ikon gida tsakaninsu yadda yake a gidaje da yawa. A kashi na biyu, lokacin da yaran suka kusa mantawa, abokiyar wasansu Mei Mei, Basiniya wadda ba Musulma ba, ita ce ta tuna musu suna azumi. Cikin daƙiƙa kaɗan an faɗi abin da jawabin zaman tare na awa guda ba zai faɗa ba.

Fim ɗin silima da aka yi wa tanadi tun farko, Geng: Pengembaraan Bermula, ya fito a 2009 ya kuma tara sama da ringit miliyan 6, adadi mai girma ga fim ɗin gida a lokacin. Sai dai a ma'aunin tarke bai kai ɗan reshensa ba. Rabinsa na farko yana cikin ƙauye, inda ƙarfin marubutan yake. Da aka shiga daji da kogo, aka fara tsere da manyan halittu, sai labari ya koma uzurin nuna abin da na'ura ta koya. Jama'a sun cika silima ne saboda tagwayen da suka riga suka sani daga talabijin.

4.3 Shaida daga Taman Melati

Taman Melati unguwa ce ta gidajen bene a yankin Setapak, arewa maso gabashin Kuala Lumpur, tasha ɗaya kafin ƙarshen layin jirgi a Gombak, inda Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa take. Saboda wannan kusanci, ɗaliban manyan digiri da malamai daga ƙasashen Afirka, har da Hausawa, suna zama a nan da kewaye tare da iyalansu. Wannan ya sa unguwar ta zama wurin gwaji mai kyau ga hujjar maƙalar, domin yaran waɗannan gidaje suna zuwa wa shirin ne ba tare da harshen Malay ba, ba tare da kishin ƙasar ba, kuma a wayar da suke kallonsa akwai ayyukan Pixar da Disney da suka fi shi kyan hoto nesa ba kusa ba.

Abin da marubucin wannan maƙala ya lura da shi a gidajen da yake shiga shi ne yaran suna zaɓar tagwayen, kuma daga bakinsu da yawa suke tsintar kalmomin Malay na farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Opah kaka ce irin wadda suka baro a Kano ko Katsina, Kak Ros yaya ce da suka san zafin hannunta, azumin rabin yini da gyangyaɗi a sahun tarawihi da ɗokin kayan sallah duk nasu ne. Iyayen kuwa suna kallo da murna da ɗan ɗaci a haɗe: murna saboda sun sami abin da za su bar yaro da shi hankali kwance, ɗaci saboda yaron yana ganin rayuwarsa a allo cikin harshen wasu, nasa harshen kuma ba ya ba shi kwatankwacin haka.

5.0 Waiwaye kan Hujjar

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke gefe guda. Da farko, babu Luxo Jr. in babu shekarun da Catmull da abokansa suka shafe kan lissafin da ba shi da labari. Inuwar da fitilun suke jefawa, wadda ita ce rabin kyan fim ɗin, sakamakon bincike ne. Cibiyar New York ta kasa yin fim, amma ta yaye mutanen da suka yi. Haka ma shirin MSC: jami'ar da ya haifar ita ce ta horar da matasan Les' Copaque, kuma daga cikinsu Nizam Razak ya fita ya yi BoBoiBoy a 2011, Usamah Zaid ya yi Ejen Ali a 2016. Raina gwanintar na'ura butulci ne ga tushen abin da ake yabo. Abin da ake zargi shi ne a mayar da ita abin kallo a karan kanta.

Na biyu, kusanci da rayuwar gida ba ya wanke aiki daga aibi. Yayin da Upin & Ipin ya yi tsawon rai, hotonsa ya ƙara kyau ƙwarai, amma wa'azi ya riƙa fitowa tsirara a wasu kashi, kuma wasu abokan tagwayen sun tsaya a kan siffa ɗaya ta ƙabilarsu ba sa girma. Wannan ma yana ƙarfafa hujjar ne ta wata fuska: ƙaruwar ƙarfin na'ura ba ta ƙara wa labarin komai ba, kashi shidan farko masu fatar roba suna nan a matsayin ma'auni.

6.0 Abin da ya Shafi Ƙasar Hausa

Yankinmu yana da nasa magabaci a wannan fanni, kodayake ba a cika ambatonsa a nazarin Hausa ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942 ya kuma rasu a 2015, makanike ne tun farko, ya koyi fim a Yamai tare da Jean Rouch, ya je Kanada wurin Norman McLaren, daga baya ya zauna a Tawa. Bon voyage Sim na 1966 zane ne na 'yan layuka baƙi da fari, na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jawabai da duk wani kumbura na sababbin masu mulki. Kwaɗo yana da sauƙin zanawa, kuma kwaɗo halitta ce mai kumbura wuya. Sauƙin hannu da kaifin zambo sun haɗu a zaɓi ɗaya, shekara ashirin kafin fitilun Lasseter.

Yau matashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana iya sauke manhajar Blender kyauta, mai ƙarfin da ya wuce duk abin da Schure ya saya, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto mai ƙyalli cikin minti. Jarrabawar da ke gabansa ita ce ta New York da Honolulu: ya fara da sarki cikin babbar riga mai aiki da rawani da dawakin zage, wato tufa da gashi da fata, abubuwa uku da suka fi wuya, sannan ya nemi labari daga baya. Alhali taskar tatsuniya ta riga ta yi masa rabin aiki. Gizo da Ƙoƙi halittu ne masu tauri da santsin jiki, irin waɗanda na'ura mai rauni take fitarwa da kyau. Gizo yana da tsamin baki, siffa ɗaya da ke bayyana shi kafin a gan shi, kamar silin Upin. Tsohuwar da ke ba da tatsuniya da dare kuwa ba ta da hoto ko ɗaya, da jinkiri da sauya murya da maimaici take riƙe yara, waɗannan kuma su ne ƙa'idojin auna lokaci da Lasseter ya koya wa masu lissafi a 1987. Ga wanda ya fi son rayuwar yau, tashe da makarantar allo da ranar hawan sallah kalanda ce a shirye, kamar wadda Les' Copaque ta bi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun zane mai motsi na kwamfuta daga hannun Catmull na 1972 zuwa tagwayen Durian Runtuh na 2007, ta nuna cewa rabuwar nasara da faɗuwa ba ta bi yawan kuɗi ko ƙarfin na'ura ba. Foldes da Lasseter da matasan Shah Alam, da Alassane kafin su duka, sun yi tarayya a abu ɗaya: sun san abin da kayan aikinsu ba za su iya ba, suka gina tauraro a kan wannan sani. Shawarar da ke fitowa daga nan ta shafi sassan koyar da Hausa da na wasan kwaikwayo da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, waɗanda galibi ba sa haɗuwa a aji ɗaya. Aikin farko da ya kamata a nema daga ɗaliban da aka haɗa shi ne minti biyu, taurari biyu, fage ɗaya, da harshen Hausa, a kuma auna shi da tambayar da yara za su yi bayan sun kalla. Idan tambayarsu ta tsaya a kan wace manhaja aka yi amfani da ita, da sauran aiki. Idan kuwa suka tambayi abin da ya sami tauraron bayan nan, to an kama hanya.